Wanki Rabi, Shanya Rabi

   

Yau ina so in ba ka labarin abin da ya faru a gidana, nan Icirnawa, cikin daminar 2023. Akwai kunya a cikin labarin, kunyar kuwa tawa ce. Amma in na ɓoye shi, watakila abin da ya sami ɗana ya sami naka. Hausawa sun ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. To, nawa gemun ya riga ya kama. Karanta sannu a hankali. Inda ka gaji ka huta, gobe ka ci gaba.

Kafin mu fara, ga tambaya. Kayan da aka wanke jiya a gidanka, ina aka shanya su? A ƙasa? A kan danga? A kan katanga? Ko kan ƙaya? Da ni aka yi wa wannan tambaya kafin waccan damina, da sai in yi shiru. Ni dai na san ina tuɓe riga da datti, in same ta a ninke.

Marurai bakwai

Yaron ɗan farinmu ne, saboda haka ba zan kama sunansa ba. Lokacin watansa tara da haihuwa. Cikin watan 8 ne, marka ta kankama, kowa yana gona. Wani dare ya hana mu barci da kuka. Uwarsa ta ba shi nono, ya ƙi. Muka haska fitila, sai muka ga waɗansu ƙuraje jajaye a bayansa da ɗuwawunsa da cinyoyinsa. Na ƙirga su, guda bakwai.

Na ce cizon sauro ne, zai wuce. Bayan kwana uku sai suka kumbura, suka yi tauri kamar marurai. Inna, mahaifiyata, ta duba ta ce, "Zafi ne ke fita. Ku bar su su nuna." Wata maƙwabciya ta ce baki ne, don yaron ya yi ɓul-ɓul. Wata kuma ta ce nonon uwar ne ba shi da kyau. Wannan magana ta yi wa matata ciwo ƙwarai. Na same ta a bayan rumbu tana share hawaye.

Ni kuma na je wurin mai tallar magani na sayo ƙwayoyi na jika ɗaya da rabi. Muka jiƙa muka ba yaro. Banza. Kullum dare kuka, kullum yaro yana ramewa.

A rana ta takwas, da hantsi, uwarsa ta kira ni. Ta ce, "Malam, zo ka gani. Abin nan motsi yake yi." Na durƙusa na duba. A tsakiyar kowane maruru akwai ɗan rami kamar bakin allura. Wani ruwa-ruwa yana fitowa. A cikin ramin kuwa wani abu yana leƙowa yana komawa. Tsigar jikina ta tashi. Nan take na nemo mai kabu-kabu, muka nufi gidan likita.

Likita ya kwantar da yaron rub da ciki. Bai yi masa allura ba, bai tsaga ba. Sai ya ɗebo basilin ya lafta a bakin kowane rami. Ya ce mu zauna mu jira. Jim kaɗan sai ga kan wani farin abu yana turowa ta cikin man. Ya matsa gefe da gefe a hankali, ya sa hantsaki ya jawo. Tsutsa ce, fara, mai kauri, ta kai tsawon ƙwayar wake. Haka ya yi ta yi har ya jera bakwai a cikin faranti. Matata ta rufe baki da mayafi.

Da ya wanke wuraren ya sa magani, sai ya dube ni ya ce, "Malam, ina ake shanya tsummokin yaron nan?"

Na waiwaya na dubi matata, don ban sani ba. Ta ce, "A ƙasa, kan rairayi, gindin dogon yaro." Ya ce, "Akwai makewayi kusa?" Ta ce, "Akwai." Ya ce, "To, daga nan maruranku suka fito."

Ɗan'uwa, ka san aikina. Ni ke koya wa manya karatu da rubutu. Sau nawa na rubuta kalmar "tsabta" a kan allo, na ce ku maimaita? Sau nawa na ce rigakafi ya fi magani? Ga shi a cikin gidana ban san inda ake shanya zanen goyon ɗana ba. Ran nan na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ƙudan da ya yi wannan aiki

Ga abin da likita ya bayyana mini, da abin da na karanta daga baya.

Akwai wani ƙuda, ya ɗan fi ƙudan gida kauri, launinsa rawaya-rawaya mai duhu. Ba ya cizo, shi ya sa ba a kula da shi. Da safe da yamma yake yawo. In rana ta take sai ya nemi inuwa ya laɓe. Ana samunsa a ƙasashen Afirka da yawa, kuma ya fi yawa da damina. Masu ilimin Faransanci suna kiran ɗiyarsa "tsutsar Kayor". Kayor wata ƙasa ce a Senegal. Can ne masana suka fara rubuta bayaninta, a shekarar 1862.

Macen ƙudan nan ba ta yin ƙwai a jikin mutum. Wuri biyu take so. Na ɗaya, rairayi mai inuwa wanda fitsari ko kashi ya taɓa. Na biyu, tufa mai laima da aka bari a inuwa, musamman mai sauran warin fitsari ko zufa. Takan zuba ƙwai 100 zuwa 300 a lokaci guda. Ido ba ya kula da su. Cikin kwana 1 zuwa 3 sai su ƙyanƙyashe.

Ƴan tsutsotsin suna iya jira har wajen mako biyu ba ci ba sha. Da sun ji ɗumin jiki sai su huda fata su shige. Mutum ba ya jin shigarsu. A cikin fata tsutsa takan yi kwana 8 zuwa 12 tana ci tana girma. Ɗan ramin nan da muka gani, ta nan take shan iska. Shi ya sa da aka toshe shi da basilin ta fito da kanta. In ta ƙoshi sai ta faɗo ƙasa, ta shige rairayi, ta rikiɗe ta zama ƙuda. Sai kuma a koma farko.

Ba mutum kaɗai take shiga ba. Ta fi samun karnuka da ɓeraye. In ka ga ɗan kwikwiyo da kumburi-kumburi a ciki da ƙafafu, sau da yawa ita ce.

Yanzu ka duba abin da muka yi. Yaro ya yi fitsari a zane. An wanke, an shimfiɗa a rairayi, a inuwa, kusa da makewayi, cikin marka. Da yamma aka kwashe da sauran laima, aka goya yaro da shi. Ashe da hannunmu muka yi wa ƙuda shimfiɗa, da hannunmu kuma muka kai ɗiyansa bayan ɗanmu.

Laifin wa?

A hanyar komawa gida na so in yi faɗa. Allah ya sa na kama bakina. Da dare na kwanta ina lissafi.

Matar nan ita ke zuwa rijiya. Ita ke jan guga, ta ɗauko ruwa a ka. Ita ke durƙusawa ta cuɗa kaya har hannunta ya yi ja. In ta gama, ina za ta shanya? Dangar kara akwai ƙaiƙayi da ƙura. Shingen ƙaya yana yaga zane. Katangar laka, da damina, tana ɓata farin kaya. In ta shimfiɗa a kan ciyawa, ƙarangiya ta cika shi. In ta kai tsakar gida, awaki su taka, su tauna, kaji su hau. Wuri ɗaya ya rage mata, gindin dogon yaro, inda dabbobi ba su cika zuwa ba.

To, a gidan Bahaushe wa ke kafa icce? Wa ke yin danga da rumfa da rumbu? Wa ke kafa turke? Maigida ne. Na kafa wa tunkiya turke. Na yi wa hatsi rumbu, na ɗaga shi sama da ƙasa don gara da laima. Amma tufafin da ke taɓa fatar iyalina ban yi musu komai ba. Da na kai nan a lissafi, na san mai laifi.

Da asuba na ce mata, "Ki yi haƙuri. Nononki lafiya lau yake. Yau zan yi miki wurin shanya."

Yadda ake kafa gadon shanya

Abin da na yi ya yi kama da gadon kara mai dogayen ƙafafu. Shi ya sa muke ce masa gadon shanya. Kai ma kana iya yin sa cikin wuni ɗaya. Ga abin da za ka tanada:

Dirka 4 masu gwafa, kowace tsawonta kamu 4 da rabi.
Sanda 2 gajeru masu ƙarfi, kowace kamu 2 da ɗan ɗori.
Sanda 6 dogaye miƙaƙƙu, kowace kamu 5 da ɗan ɗori.
Igiyar kaba ko ta rama, ta ɗauri.

Yi lissafi: 4 da 2 da 6, icce 12 ke nan. Kamu 2 daidai yake da mita 1, ko kusa da haka. In dogayen sanduna sun yi wuya, sai ka ja igiya 6 a madadinsu. Igiyar roba ta kasuwa ma tana yi. Kada dai ka sa waya mai tsatsa, tana ɓata tufa.

Wajen neman icce, a yi hankali. Kada ka taɓa gawo. Tun zamanin Sarkin Damagaram Tanimun aka hana saran gawo a ƙasar nan, yau ma doka tana kare shi. Kai ma ka san yadda hatsi ke kyau a ƙarƙashinsa. Ni rassan dogon yaron gidana na sassabe, gara ba ta cika son sa ba.

Ka ɓare ɓawon sandunan, ka kankare ƙulle-ƙullen, ka bar su su sha iska. Ɗanyen icce yana sa wa farin kaya tabo. Gindin kowace dirka ka babbaka shi a wuta har ya yi baƙi, don gara.

Sai zaɓen wuri. Wannan shi ne babba. Nemi inda rana ke bugawa tun hantsi har la'asar, inda iska ke ratsawa. Ya yi nisa da makewayi da masai da turken dabbobi da juji. Ya yi nisa da murhu, saboda hayaƙi da tartsatsi.

Auna kamu 5 a tsawo, kamu 2 a faɗi. Haƙa rami 4, ɗaya a kowace kusurwa, zurfin kamu 1. Zuba toka kaɗan a ciki. Kafa dirkokin, ka daddale ƙasa sosai. Ɗora gajerun sanduna a kan gwafa, ɗaya nan ɗaya can. Sa'an nan ka jera dogayen a kansu, tsakanin kowace da ƴar'uwarta ɗani ɗaya. Ɗaure tam. Shi ke nan.

Ni sau biyu na yi kuskure, kada ka bi sawuna. Da fari na auna tsayin gadon da kaina. Da matata ta zo shanya, sai da ta taka turmi. Na tone, na rage. Wannan karo na rage da yawa. Kafin azahar akuya ta miƙe da ƙafa biyu ta cinye mini rabin hannun riga. Yaran gida suka yi ta dariya. A karo na uku na kira mai aikin, na ce ta tsaya. Na auna daidai goshinta. Nan ne daidai. Hannunta ya kai, bakin zane kuma bai sauko inda akuya za ta kama ba. Abin da za a yi wa mutum, da shi ake aunawa.

Me ya sa kaya suka fi saurin bushewa a sama?

Abu uku ke busar da tufa: rana, da iska, da baza ta. Zanen da ke ƙasa, fuska ɗaya ce ke shan iska. Ɗaya fuskar tana kwance a kan laima. Zanen da ke rataye kuwa, iska tana bugunsa ciki da waje. Da damina iska kanta ɗauke take da ruwa, shi ya sa shanya ke daɗewa. In tufa ta daɗe da laima sai ta yi wari, ta yi fumfuna, zarenta ya ruɓe. Ka ga asarar kuɗi ke nan, ban da ciwo.

Gwada da kanka. Wanke tsumma biyu iri ɗaya. Shimfiɗa ɗaya a ƙasa, rataya ɗaya. Ka ga wanda zai riga bushewa. Gani ya kori ji.

Ke ƴar'uwa mai wanki, ga naki

Maigida ya yi nasa. In ke ce ke karatun nan, ko ana karanta miki, ga abin da za ki riƙe.

Ki yi wanki da sassafe, don kaya su sami rana mai yawa. Tsummokin yaro ki wanke su da sabuni, ki ɗauraye sosai har warin fitsari ya fita. Ruwan wankin ki zubar nesa da wurin shanya. Ki matse, ki kakkaɓe, ki baza kowane ɗaya. Kada ki ɗora wani a kan wani. Kada ki kwashe sai sun bushe ƙayau. Ki taɓa wajen ɗinki da ƙugun wando, nan laima ke ɓuya. Kada kaya su kwana a waje, raɓa za ta sake jiƙa su. Kafin ki ninke ki kakkaɓe, saboda kunama.

In akwai dutsen guga na gawayi, ki goge kayan yaro ciki da waje. Zafin guga yana kashe ƙwan ƙudan da ƴan tsutsotsinsa. Da damina wannan ya fi muhimmanci, don ko a sama aka rataya tufa, in a inuwa ta wuni da laima, ƙudan yana iya hawanta. Matan ajinmu na karatu sun haɗa kuɗi sun sayi dutsen guga ɗaya, yana zagaya gidaje. Ku ma kuna iya yin haka.

In hadari ya taso, a kwashe a rataya cikin zaure ko ƙarƙashin rumfa, a kan igiya, inda iska ke shiga. Kada a dunƙule su a kwando. Rana na fitowa a mai da su waje.

Da hunturu kaya suna bushewa nan da nan, sai dai ƙura. Da sun bushe a kwashe. Da bazara rana tana cin launin atamfa. Sai a juya cikinta waje, kuma kada a bar ta ta wuni.

Shimfiɗar yaro ma haka. Kada a kwantar da jariri a kan rairayi tsirara, ko da a inuwa mai daɗi. A sa tabarma. Tabarmar da ya yi wa fitsari a wanke, a ɗora ta a kan gadon shanya.

Ba tsutsa kaɗai ke bin tufa ba. Ƙazuwa tana bin zane da bargo. In ta shiga gida, ban da maganin likita, sai an wanke kayan kowa da ruwan zafi an shanya a rana. Ciwon ido na amodari ma yana bin hannu da ƙuda da tsumman share fuska. Ƙasarmu ta sha fama da shi. Daga 2010 zuwa 2013 likitoci sun yi babban bincike a kansa a ƙauyukan Matameye, ana raba magani ana duba idon yara. Saboda haka kada a share wa yara biyu fuska da bakin zane ɗaya. Tsumman fuska a wanke shi da sabuni, a ba rana.

Maganganun da na ji

Da na kai wannan magana ajinmu, ba kowa ya yarda ba. Ga abin da aka ce, ga kuma amsar da na bayar.

Wani dattijo ya ce, "Malam, kakanninmu a ƙasa suka yi shanya, ga mu kuwa mun girma." Na ce, "Gaskiya ne, Baba. Amma marurai nawa aka sha aka ce zafi ne? Kakannin nan kuma su suka koya mana ɗaga rumbu sama da ƙasa. Dabararsu ce na ara." Ya yi dariya ya ce, "Ka kama ni."

Wani ya ce, "Wanki sha'anin mata ne. Me ya kai namiji?" Na ce masa, ran da yaro ya kwanta, aljihun wa ake taɓawa? Ni na biya ƙwayoyin banza, na biya kabu-kabu zuwa da dawowa, na biya magani. Ga kwana biyu ban leƙa gona ba, cikin tsakiyar aiki. Gadon shanya kuwa ko dala ban kashe masa ba, sai zufa.

Wata baiwar Allah ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, akwai kayan da ba a shanyawa a fili." Ta faɗi gaskiya. Kunya ado ce. Saboda ita mata da yawa suke ɓoye ƙananan kayansu da tsumman al'ada a ƙarƙashin gado ko bayan tukunya, cikin duhu da laima. Waɗannan kuwa su suka fi kowane kaya bukatar rana, don su suka fi kusa da jiki. Dabara ita ce a rataya su a sandunan tsakiya, a kewaye su da manyan zannuwa. Ko a lulluɓa musu mayafi marar kauri, zafin rana da iska suna ratsa shi. Kai kuma maigida, kafa gadon daga cikin gida, inda idon baƙo ba ya kaiwa. In ya kama, ka kare gefe ɗaya da zana.

Wata kuma ta ce tana tsoron a yanki ƙyallen jaririnta a yi masa sammu. Ban yi mata gardama ba. Na ce, tsumman da ke rataye tsakar gida a gaban idonki, da wanda ke yashe a bayan ɗaki, wanne ya fi sauƙin ɗauka? Ta ce na bayan ɗaki.

Wani saurayi da ya yi ci-rani ya ce a birni har injin busar da kaya akwai. Haka ne. A ƙasashen Turai, inda rana ke wuya da sanyi, mutane suna biyan kuɗin lantarki su busar da tufa. Waɗansu kuma suna sayen ɗan gadon shanya na ƙarfe su kafa cikin ɗaki. Mu kuwa Allah ya ba mu rana kyauta. Icce goma sha biyu kaɗai take jira.

In abin ya riga ya faru

Ga alamun da za ka gane tsutsar nan. Kumburi kamar maruru, sau da yawa fiye da ɗaya, a wuraren da tufa ke rufewa. Ɗan rami a tsakiya mai fid da ruwa-ruwa. Ƙaiƙayi da suka. Babba yakan ji abu yana motsi a ciki.

Kada ka tsaga da aska. Kada ka sa ƙaya ko allura. Kada ka matse da ƙarfi, don in tsutsar ta fashe a ciki wurin yakan rure. Kada ka ɓata kuɗi a kan ƙwayoyin talla kamar yadda na yi. Kai yaro gidan likita. In akwai zazzaɓi, ko mugunya, ko kumburin yana kusa da ido, kada a kwana. In an fitar da ita, a riƙa wanke wurin da sabuni da ruwa mai tsabta har ya warke. Sa'an nan a sake wanke kayan yaron duka, a shanya a rana, a goge.

Namu yaron ya warke cikin mako biyu. Yanzu yana gudu yana korar kaji. In ana yi masa wanka nakan ga ƴan tabo bakwai a bayansa. Ba na bukatar wani ya tuna mini.

Inna da ta ce zafi ne, yanzu ita ke tsaron gadon. In ta ga tsumma a ƙasa sai ta ɗaga murya, "Wa ya yi wa ƙuda shimfiɗa?" Maƙwabciyar da ta ce baki ne, mijinta ya zo ya auna nawa da igiya, ya je ya kafa nasu.

To, ɗan'uwa, ka yi ƙoƙari, ka kai ƙarshen karatu. Saura aiki. In ka ajiye takardar nan, tashi ka zagaya gidanka. Duba inda shanyar yau take. Kada ka yi wa kowa faɗa. Tambayi uwargida inda take so a kafa mata, ka auna da goshinta, ka ɗauki gatari da dagi. Kada ka bari sai damina ta faɗi. Wanda bai iya karatu ba tukuna, karanta masa wannan a dandali. In kuma ka san wata dabara da ta fi tawa, rubuto mana da hannunka, mu ma mu ƙaru.

Allah ya raya mana zuriya, ya ba mu lafiya da damina mai albarka. Amin.